Huɗu Saura Minti Goma

Ni ce na kori dattawa uku daga ɗakin mahaifina wata ranar Talata da la'asar, kuma har na rufe ƙofa ina jin na yi aikin lada.

Bari in fara faɗin yadda suke, kada a ce na yi musu sharri. Baba gyaran agogo yake yi. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, amma akwai benci a bakin ƙofa, kuma tun kafin a haife ni mutum uku ne ke zama a kansa kullum da yamma. Akwai Baba Tela, wanda shagonsa ke manne da namu. Akwai Baba Direba, da ya yi ritaya daga tuƙa motar ma'aikata. Sai Kawu, yayan Mama, wanda har yau ba a samu mai gaya mini takamaiman sana'arsa ba. Baba na ciki da gilashi a ido ɗaya, yana tsintar ƙananan kusoshi da hantsaki, yana jefo musu magana ta taga. A kan bencin nan an sauke gwamnati ta fi goma, an gyara tattalin arzikin duniya, an raba wa mutane Aljanna da wuta, an sake wa finafinai ƙarshen da ya dace da su. Shekara talatin ana wannan. Kwatar da ke gaban bencin kuwa, wadda suke ɗage ƙafafu idan ta cika, ba wanda ya taɓa sa mata murfi.

Wannan kwatar ce ta sa na karanta ƙididdiga. Ina shekara goma sha huɗu Baba Direba ya ce rabin mutanen duniya direbobi ne suka haife su, na ajiye kwanon da na kawo wa Baba na ce masa, "Ina hujjarka?" Daga ranar sunana ya koma Hujja, har Mama da shi take kirana. Yanzu ina aiki a ofishin ƙididdiga, kuma ra'ayina bai canza ba: abin da ke cin mu shi ne kowa yana da ta cewa, ba wanda ke da adadi.

Wata Asabar da safe Baba ya sunkuya zai ɗauki takalmi, ya faɗi. Shanyewar ɓarin jiki. Bayan sati uku a asibiti aka dawo da shi gida, hannun dama ba ya ɗaguwa, magana kuma ta ɗauke. Yana jin komai, yana gane kowa, amma kalma ɗaya ce ta rage masa: "To." Da ita yake neman ruwa, da ita yake ƙin magani. Mutumin da ba a taɓa yin musu a gabansa ya bari ya wuce ba.

Akwai wata ma'aikaciya a asibitin mai koya wa irinsu magana, Mama na ce mata Likitar Magana. Ita ta ce mana kalmomin suna nan a kansa, hanyar da suke bi su fito ce ta lalace. Ta ce watannin farko su ne suka fi muhimmanci, lallai kullum ya yi ta ƙoƙarin furta wani abu da kansa, mu dawo bayan sati huɗu ta gani.

Na ɗauki hutu a wurin aiki. Na zana jadawali na manna a bango, rana da awa da gurbin da zan rubuta yawan kalmomin da ya faɗa. Na buga hotuna a kati, na sa aka lulluɓe su da leda: kofi, ƙofa, kujera, agogo.

"Baba, mene ne wannan?"

"To."

"Kofi ne, Baba. Ka ce ko-fi."

Ya dube ni kamar yadda yake duban wanda ya kawo masa agogon da ya riga ya buɗe da wuƙa a gida. Da na nuna masa katin agogo kuwa, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsan hagu ya yi ta dungurin tsakiyar hoton. Na rubuta a jadawali: bai amsa ba.

A rana ta uku dattawan suka zo. Ba su zo haka kawai ba, bencin suka ɗauko daga shago, Baba Direba a gaba, Baba Tela a baya, Kawu na ba da umarni. Suka jingina shi da bangon da ke fuskantar gadon Baba, suka zauna kowa a inda ya saba. Mama ta kawo shayi.

"Mai Agogo, ka ga sabon ministan nan?" in ji Baba Tela. "Tun da na ga hotonsa na san ba za mu ga alheri ba. Ku dubi aljihun rigarsa. Shekara arba'in ina ɗinki, mai gaskiya bai taɓa ce mini in zurfafa masa aljihu ba."

"Ai tsadar nan maganinta a fili yake," in ji Baba Direba. "Injin buga kuɗi yana nan, takarda tana nan. A buga a raba wa kowa, a huta."

Ina zaune a kujerar roba a gefen gadon da katunana a cinya. Kafin ya kai kofi bakinsa na ciro waya, na karanta masa abin da ke faruwa da farashi idan kuɗi suka yi yawa kaya ba su ƙaru ba. Har da misalai uku.

"Sannu, Hujja," in ji shi. "Allah ya ƙara basira."

Kawu ya gyara murya. "Ni abin da na ji, duk wanda agogo mai ƙararrawa ya tashe shi sallar asuba, rabin lada yake samu. Rabin na agogon ne."

"Kawu, a wane littafi? Wane malami? Addini fa ba wurin 'na ji an ce' ba ne."

"To ai shi ke nan, 'yar nan, na janye."

Haka muka yi kwana tara. Kullum su zo da la'asar, kullum maganarsu ta fi ta jiya lalacewa. Ranar nan Baba Direba ya ce agogon batir na roba ya fi wanda ake yi wa wani inganci, wai Turawa ma sun daina na wani don yana jawo ciwon wuyan hannu. Wata ranar Baba Tela ya ce ya kamata a hana wanda ba ya iya sa zare a allura jefa ƙuri'a. Ni kuwa na gwanance. Kafin mutum ya rufe baki na kamo amsa. Na taɓa auna kaina, daƙiƙa takwas, kuma na ji daɗi. A raina ina cewa ko ba komai Baba zai warke a cikin ɗakin da ake faɗin gaskiya.

Ranar Talatar da na ambata, fim suka ɗauko. Akwai wani tsohon fim mai baƙi da fari da suka kalla tare suna samari, a kan wani ma'aikacin jirgin ƙasa da aka zarga da kashe abokinsa. Jarumin ya rantse wa alƙali cewa lokacin da abin ya faru, ƙarfe sha biyu na rana, yana tsaye a tasha, aka sake shi, aka yi ta kiɗa. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya tafi gida da murna, ban da Baba. Baba ya ce a wurin da aka nuna jarumin a tasha, agogon da ke bayansa huɗu saura minti goma yake nunawa, saboda haka ƙarya ya yi, shi ya kashe, kuma duniya gaba ɗaya ta tafa wa mai laifi. Na ji wannan bayanin ya fi sau ɗari ina yarinya. Fim ɗin kansa ban taɓa kalla ba, ba ni da lokacin irin wannan.

"Jiya na tuna fim ɗin jirgin nan," in ji Baba Direba yana hura shayi. "Kai, bawan Allahn nan an so a zalunce shi. Ga agogon tasha ƙiri-ƙiri a bayansa..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na miƙe, katunan suka zube.

"Don Allah ya isa! Mutum na kwance ba ya iya cewa kofi, ku kuna nan kuna shari'ar fim! Shekara talatin kuna zaune a kan katakon nan, wace magana ɗaya kuka faɗa da ta gyara wani abu? Kwatar gaban shago fa? Kun sauke gwamnati goma, murfin kwata ɗaya ya gagare ku. Likita ta ce atisaye yake buƙata, ba surutu ba. Ku yi haƙuri, ku bar zuwa sai ya samu sauƙi."



"Hujja," in ji Kawu, "ni fa yayan uwarki ne."

"Shi ya sa na fara da don Allah, Kawu."

Baba Tela ya shanye ragowar shayinsa, ya ajiye kofin a hankali. Suka ɗaga bencin. A bakin ƙofa ya maƙale, sai da suka koma baya suka karkata shi, kuma ni ce na riƙe musu labule. Da suka fita na juyo wajen Baba. Ya ce, "To." Na ɗauka goyon baya ne.

Sati biyu da 'yan kwanaki ɗakin nan ya zama yadda nake so. Ba hayaniya, ba ƙarya. Atisaye ƙarfe tara, atisaye ƙarfe ɗaya, atisaye ƙarfe biyar. Na ƙaro katuna: mota, itace, kifi. Jadawalina ya cika da sifiri a jere, tsaf-tsaf, gwanin sha'awa. Har "to" ɗin ta fara wuya. Da ya ga na ɗauko katunan sai ya juya fuska bango. Mama ta ce abincinsa ma rabi yake ci. Na ce mata alamar ciwon ce, na karanta.

Ranar komawa asibiti na tafi da jadawalin a cikin fayil. Likitar Magana ta duba shi sama-sama ta ajiye, ta jawo kujera gaban Baba.

"Baba, an ce gyaran agogo kake yi. Shekara nawa?"

"Arba'in da biyu," in ji ni.

"Wane iri ka fi jin daɗin gyarawa?"

"Na aljihu, mai murfi."

Ta juyo ta dube ni. "Ke ce mara lafiyar?"

Na ce a'a, taimaka masa nake yi.

"Wa ke hira da shi a gida?"

"Ni. Sau uku a rana."

"Ban ce wa ke yi masa jarrabawa ba. Wa ke hira da shi?" Ta ci gaba. "Kalma ɗaya tana iya ɗaukarsa minti guda kafin ta iso. Akwai mai jiransa minti guda a gidanku? Ba ci gaba ko kaɗan tun zuwanku na farko, kuma abin da nake tsoro shi ne ya daina gwadawa. Idan ya saba da shirun, fito da shi zai yi wuya."

Muka dawo gida a tasi. Da muka kwantar da Baba, Mama ta ce in je wurin Baba Tela in karɓo wandunansa biyu da ta kai a cire musu mazagi a sa roba, don ya iya ja da hannu ɗaya. Na ce a aiki wani mana. Ta ce ni ta aika.

Na same su su uku a kan bencin, ƙafafunsu a ɗage don kwata ta cika. Shagon Baba a rufe. Na gaishe su ina kallon ƙasa, suka amsa kamar ba abin da ya taɓa faruwa, abin da ya fi zagi ciwo. Baba Tela ya shiga ciki neman wandunan, na bi shi. A bangon da ke bayan kekensa, inda yake rubuta awon mutane da alli, na ga wani rubutu daban:

Litinin, Kawu, ladan ƙararrawa.
Laraba, Direba, agogon batir.
Alhamis, ni, ƙuri'a.
Talata, Direba, fim.

"Baba Tela, wannan fa?"

Ya cire allurar da ke bakinsa. "Jadawalinmu ke nan. Ke kaɗai ce mai jadawali?"

Ya ce tun ranar da aka sallamo Baba suka zauna suka yi shawara. Sun san mutuminsu. Ba lallashi ke sa shi magana ba, ba tausayi ba. Abu ɗaya ne ba ya iya haɗiyewa, a faɗi shirme a gabansa, musamman a kan agogo. Saboda haka kullum da azahar suke haɗuwa a nan su zaɓi wanda zai yi ƙaryar ranar, su gwada ta a junansu, idan ba ta kai ta ba da haushi ba su ƙara mata gishiri.

"Kin taɓa lura da yatsansa na hagu?" in ji shi. "Idan ya fara buga gefen gado, magana ce ke tafe. Leɓensa ya fara motsi, wuyansa ya kumbura. Tana daɗewa, kamar in sa zare a allura sau biyu ba gilashi. Sau shida ta zo har bakin ƙofa, 'yata. Na ƙirga. Sau shida kika riga shi da wayar nan taki."

Na zauna a kan buhun ƙyallaye. Katin agogon nan ya faɗo mini a rai, wanda Baba ya yi ta dungura. Na ciro shi daga jaka na duba da kyau a karo na farko. Wanda ya zana shi ya yi hannun awa da na minti tsayinsu ɗaya. Ashe gyara Baba yake yi mini, ni kuma na ba shi sifiri.

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Yaushe? Kin taɓa barin jimla ta kai ƙarshe?"

Sauran biyun sun leƙo ta ƙofa. Na ce, don in samu abin riƙewa, "Ashe duk kun san ƙarya kuke yi."

"Ni dai maganar ladan nan," in ji Kawu, "ina da ɗan shakku a kanta. Ba mamaki akwai wani abu."

"Ta buga kuɗi kuwa da gaske nake," in ji Baba Direba. "Ba ta cikin jadawali. Duba ki gani."

Na duba. Ba ta ciki.

Na ba su haƙuri, irin haƙurin da ake haɗawa da bayani, na fara da cewa a bisa bayanan da nake da su a lokacin. Baba Tela ya bari na gama, sannan ya kafa sharaɗi biyu. Wayata za ta zauna a wurin Mama muddin suna ɗakin. Kuma ba kujerar roba, a kan benci zan zauna tare da su.

Washegari da la'asar bencin ya dawo. Baba ya juyo daga bango ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, ya ce "To" da ƙarfin da na kwana biyu ban ji ba. Mama ta karɓi wayata ta kulle a kabad ɗin kicin. Aka matsa mini wuri tsakanin Kawu da Baba Direba.

Na rubuta jarrabawa da yawa a rayuwata, ba wadda ta kai wannan yammacin. Sun san ba ni da bakin magana, suka ci kasuwarsu.

"Waɗannan masu ƙididdigar," in ji Baba Direba yana kallon silin, "an ce ba sa fita ko'ina. Fanka suke kallo, duk adadin da ya zo musu a rai su rubuta."

Na ciji gefen mayafina.

"Ni a ganina," in ji Kawu, "talauci ya ragu sosai. Jiya na ga mutum biyu da sabon takalmi."

Baba Tela ya sako tasa: wai agogon bango ba ya buƙatar mai, ruwan sabulu ma yana yi. Nan take yatsan Baba ya fara buga katakon gado. Tak, tak, tak. Leɓensa ya motsa. Sai ya juyo da idonsa kaina ya tsaya yana kallona. Yatsan ya rage sauri, ya tsaya.

Kawu ya gwada da ladan ƙararrawa, ya mai da shi kashi ɗaya cikin uku. Yatsa ya buga, ido ya dawo kaina, yatsa ya tsaya. Sau uku ana haka.

Sai a nan na gane girman aikin da na yi. A kwana tara na koya wa mahaifina cewa ba sai ya wahala ba. Idan aka yi shirme akwai mai amsawa, ga ta nan zaune, ta fi shi sauri. Jirana yake yi. Shiruna kaɗai ba zai isa ba, don muddin ina ɗakin yana da wakiliya.

Na saki mayafin daga bakina. Na juya wajen Baba Direba.

"Baba Direba, fim ɗin jirgin nan da kake faɗa rannan. Ai na duba. Agogon tashar sha biyu daidai yake nunawa. Mutumin nan gaskiya ya faɗa, ba shi ya kashe ba. Masu cewa wani abu daban ba su iya duba agogo ba ne."

Baba Tela ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa. Kawu ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

Baba ya dube ni. Wannan karon ba kallon jira ba ne. Yatsan ya fara, da ƙarfi, har kofin da ke kan durowa yana rawa. A saman gadon akwai agogon bango da shi ya haɗa da hannunsa shekarar da aka haife ni, na kafa masa ido ina ƙirga don kada in yi magana. Daƙiƙa goma. Ashirin. Jijiyar wuyansa ta tashi. Bakinsa ya karkace ya dawo. Talatin da biyar. Na san kalmar da yake nema, tana kan harshena, ba abin da nake so a duniya kamar in miƙa masa ita. Na danne hannayena a ƙarƙashin cinyoyina. Hamsin.

"Hu," in ji Baba. "Hu... huɗu."

Kawu ya ja numfashi zai yi kabbara, Baba Tela ya taka masa ƙafa.

Wasu daƙiƙa ashirin suka wuce.

"Saura... goma."

Ya huta, ƙirjinsa na hawa da sauka. Sannan ya ɗaga yatsan nan ya nuna ni.

"Ba ki... gani ba."

Wannan ma gaskiyarsa. A bakin ƙofa Mama na tsaye da tire, ta jingina kafaɗa da bango. Ni na yi tsammanin za a tashi a rungume shi, a yi kuka, wani ya yi jawabi, watakila ni. Baba Direba kuwa kurɓar shayinsa ya yi ya girgiza kai.

"Ni dai, Mai Agogo, sha biyu na gani. Da idona."

Wannan ba ta ɗauki Baba ko daƙiƙa goma sha biyar ba.

"Makaho."

Baba Direba ya fashe da dariya, yana yi yana goge ido da hular da ya cire, ya ce shekara talatin ana zaginsa a kan fim ɗin nan bai taɓa jin daɗin zagin ba sai yau.

Yanzu sati bakwai ke nan. Likitar Magana ta ce a ci gaba da duk abin da ake yi. Na gaya wa kowa na daina ƙirga kalmomin Baba, amma ina yi a ɓoye a bayan littafin ofis: sittin da huɗu, kusan kashi ɗaya cikin uku zagi ne. "Kofi" ba ta ciki. Idan yana son shayi cewa yake, "Ke, Hujja," ya nuna. Na koma aiki, amma ina tashi da wuri don in riski benci. Har yanzu ina ganin ba a gina ƙasa da hira, har yanzu Baba Direba bai san abin da yake faɗa a kan buga kuɗi ba, kuma kwata tana nan a buɗe. Na rubuta takarda a kanta zuwa ofishin da abin ya shafa, na kai wa dattawan su sa hannu. Kawu ya ce sai ya yi nazari.

Asabar da ta wuce da safe na nemo fim ɗin na kalla, awa biyu da rabi, rabinsa waƙa. Da aka zo wurin tasha na tsayar da hoton, na ƙara girmansa. Jarumin na tsaye da jakarsa, agogo a bayansa, fari tas. Huɗu da minti goma yake nunawa. Da minti goma, ba saura minti goma ba. Mutumin dai ƙarya ya yi wa alƙali, a nan Baba bai yi kuskure ba. Amma mai gyaran agogo na shekara arba'in da biyu ya yi shekara talatin yana kuskuren minti ashirin, kuma ba wanda ya taɓa dubawa.

Na ɗauki hoton a waya na ruga wurin Baba Tela. Ya sa gilashi ya duba, ya daɗe yana murmushi. Ya ce wannan ba ta yau ba ce, a bari Baba ya ƙara ƙarfi, don za ta ci sati guda ana yinta. Ya ɗauki alli ya rubuta a bango: Alhamis ta sama, Hujja, fim.

"Da baki kawai za ki faɗa," in ji shi. "Ban da hoto."

"Baba Tela, ai hoton ne hujjar."

"Na sani. Idan kika nuna masa, me ya rage ya ce?"

Saboda haka ranar Alhamis ta sama zan zauna tsakanin Kawu da Baba Direba in ce na ji an ce agogon tashar huɗu da minti goma yake nunawa. Baba zai tambaye ni inda na samo, ko da tambayar za ta ɗauke shi minti guda, kuma zan jira. Wayar tana kabad ɗin kicin, mabuɗin yana wurin Mama.